Jan Idon Da Ba Ya Fita a Hoto

Shafi na 19

Masu cewa na kai Injiniya daji na manta da ita, to ga ta nan ta dawo. Masu jin haushin Mai Hoto kuma ku ɗan sassauta masa, yau ko shi ba ya jin daɗin kansa.

*

Likitar ido ta kashe fitilar sama, ta ja labule, ɗakin ya yi duhu-duhu. Duk da haka Manaja ba ta ɗago ba. Ta cusa fuska a jikin uwarta, baƙin tabarau ɗin roba da take yawo da shi ya karkace ya rataye a kunne ɗaya.

Shekararta bakwai. Ubanta ne ya laƙaba mata Manaja, don a shagonsa na ɗaukar hoto babu mai zama gaban kyamara ba ta gyara masa zama ba, ko amarya ce ko mai hoton fasfo. Yau dai bakin ba da umarni ya mutu.

"Manaja," in ji likitar, "ni ma fa manaja ce a ɗakin nan. Manaja da manaja ai sai su gaisa ido da ido."

"Haske yana cizo," ta ce daga inda ta ɓuya.

Mai Hoto yana tsaye jikin bango, ya riƙe jakar matarsa da hannu biyu kamar an ba shi ajiya. Jiya-jiyan nan Injiniya ta sauka daga wurin aikin gada, bayan kusan shekara a wani lungu da sai ka hau tudu saƙo ke shiga waya, kiran bidiyo kuwa sai dai a ji labarinsa. Tun a tasha da ta zare tabarau ɗin don ta sumbaci 'yarta, murnarta ta koma ciki. Ta tambaye shi yaushe idon ya zama haka. Ya ce kwanan nan ne. Ko kayanta ba ta kwance ba, gari na wayewa suka yo asibiti.

Da lallashi da alkawarin alewa likitar ta samu ta duba idon dama. Na hagun kuwa, tana ɗaga fatar yarinyar ta ƙwalla ƙara ta runtse, hawaye suka ɓalle.

"Shi ke nan, na bari, na bari." Likitar ta koma kujerarta. "Tun yaushe aka fara?"

Injiniya ta dubi mijinta. "Ya ce kwanan nan."

Mai Hoto ya gyaɗa kai, idonsa na kan takalminsa.

"Abin da na gani bai yi kama da na kwanan nan ba," in ji likitar. "Kuna da hotunanta na baya? Waɗanda fuskarta ta fito sosai. Wani lokaci hoto ya fi iyaye riƙe kwanan wata."

A karon farko tun jiya Injiniya ta yi murmushi.

"Likita, ubanta fa mai hoto ne. Yarinyar nan ko atishawa ta yi sai an ɗauka. Duk mako yana turo min."

Ta miƙa wayarta da alfahari. Mai Hoto ya kau da kai.

Likitar ta riƙa ja da yatsa, tana buɗa kowane hoto har idon ya cika fuskar wayar. Manaja da rigar makaranta. Manaja a kan keke. Manaja ta rungume kyanwar maƙwabta. A kowanne, ido fari tas, fatar ido a kwance lafiya lau.

"Wannan na yaushe ne?"

"Watan jiya."

Likitar ta ajiye wayar, ta cire gilashinta ta murza goshi.

"To in haka idonta yake a watan jiya, tunanina bai yi daidai ba. Ciwon da nake zargi a hankali yake tafiya. Abin da zai yi wannan ɓarnar cikin 'yan makonni wani abu ne daban, ƙwayar cuta ce mai saurin ci, maganinta ma daban. Sai dai in kwantar da ita yau, a sa ta barci, mu ɗan kankaro abu daga saman idon a kai ɗakin gwaji."

Kankaro. A idon Manaja. Mai Hoto ya buɗe baki, wallahi ya buɗe, amma harshen ya yi masa nauyi, kuma kafin ya ɗaga shi wata 'yar murya ta riga shi.

"Ai waɗannan na gyara ne."

Injiniya ta sunkuya. "Me kika ce, uwata?"

"Na gyara ne. Abba yana goge min jan a kwamfuta, ya cire ƙurjin, sannan ya tura miki. Na gaskiyan suna shago." Ta ja hanci. "Ni nake zaɓa masa wanda ya fi kyau ma."

Injiniya ta juyo a hankali ta kafe shi da ido. Da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. Ta dai miƙa hannu ta karɓi jakarta daga hannunsa ta ɗora a cinya.

Likitar ta mayar da gilashinta.

"Malam, zauna. Yanzu ka ba ni labarin da ba a gyara ba."

Ya zauna a bakin kujera. Ya fara ba da labari. Hazbiya ce ta fara fito mata ba da daɗewa da tafiyar uwarta ba. Ta fashe, ta warke, wata ta fito a ɗayan idon. Ta tafi, ta dawo. Da safe sai gashin idon ya manne da kwantsa. Ta fara murzar ido tana cewa yashi ya shiga. Daga baya ta fara gudun rana, ta daina son tsayawa kusa da fitilun shago, shi ne ya saya mata tabarau.

"Ka kai ta wani wuri?"

"Kemis. Ya ba ni maganin ɗigawa. In na sa mata, kwana biyu ido ya yi fari. Sai in ce Alhamdulillahi. In na daina ya dawo ya fi da."

"Kwalbar na nan?"

"Tana shago."

"Gobe ka zo min da ita, kuma kar a ƙara ɗiga mata sai na gani. Irin wannan mu ma mukan bayar, amma na ɗan lokaci, muna aunawa. In aka sake shi ba mai lura, yana rufe ciwo ne kawai, kuma yana iya jawo hawan jinin ido."

Mai Hoto ya rufe fuska da hannu.

"Ɗago, Malam, ba shari'a muke ba. Yanzu labarin ya hau kan abin da na gani, ba sai an kankari komai ba." Ta ɗauki wani babban ido na roba daga kan tebur ta nuna musu. "A nan bakin fatar ido, inda gashi ke fitowa, akwai 'yan ƙananan ƙofofi masu fitar da maiƙo. Maiƙon ne ke hana hawaye bushewa. Nata sun toshe, maiƙon ya daskare a ciki. Shi ya sa hazbiya ke tafiya tana dawowa, idon ya bushe, ya yi ja, haske ya dame shi. Mu muna kiransa rozeshiya ta ido. A manya yakan nuna a fuska, kumatu da hanci su riƙa zafi suna ƙuraje. A yara sau da yawa ido kaɗai yake kamawa, fuska lafiya lau. Sai a yi ta cewa hazbiya ce, ko ciwon ido ne na yayi, har lokaci ya ja."

"Ana ɗauka?" Injiniya ce ta tambaya.

"Ba a ɗauka. Amma yakan bi gida." Likitar ta ɗan leƙa fuskar Mai Hoto. "Waɗannan ƙurajen na hancinka fa, da jan bakin idonka?"

"Kwamfuta ce, Likita."

"Kwamfuta dai tana shan zargi. Kai ma za ka hau kujerar nan, bari mu gama da Manaja."

"Likita, zai warke?" in ji Injiniya. "Ki faɗa min yadda yake, ni ba na son a lallaɓa ni."

"Na dama na gan shi sosai, da magani zai lafa in sha Allah. Na hagun ne ba ta bar ni ba. Na dai hango jijiyoyin jini sun fara hawa kan baƙin idon, da wani ɗan farin tabo. Malam zai fi ganewa. Saman baƙin ido kamar gilashin kyamara ne. In tabo yana gefe, hoto na fita. In ya kai tsakiya ya zauna, ko ciwon ya warke gani ba lallai ya koma yadda yake ba."

"Yanzu a ina yake?"

"Shi ne ban sani ba. Na nuna mata allon haruffa ta ƙi buɗewa, kuma ba zan danne ta yau ba. Gobe da safe zan sa mata abin da zai kashe zafin in duba a natse. Ku zo min da hotunan asali gaba ɗaya, in ga yaushe tabon ya fara da yadda yake tafiya."

Ta jawo takarda tana rubutu tana bayani. Tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, a gwada a bayan hannu tukuna. A ɗora kan idon yana rufe, safe da yamma, sannan a murza fatar a hankali zuwa wajen gashin, a goge bakin. Ga maganin ɗigawa mai kama da hawaye don bushewar. Ga maganin sha na ruwa, don ƙwayar da ake ba manya tana ɓata haƙorin yaro mai shekarunta.

"Watanni za a yi ana sha. Ko ido ya yi fari kar ku tsaya sai na ce. Kuma a raba ta da zafi da haske mai ƙarfi."

Manaja ta leƙo da ido ɗaya. "Fitilun shago fa?"

"Manaja ta tafi hutu," in ji likitar. "Shago ya nemi muƙaddashi."

*

Daga kantin magani har shago Injiniya ba ta yi masa magana ba. Da ya zo tsallaka titi ya miƙa hannu zai kama na Manaja, sai ya tarar uwar ta riga shi. Ya mayar da hannun aljihu.

Ya ɗaga ƙofar ƙarfen shagon rabi, bai kunna fitilun ba. Komai na nan yadda ya bar shi: labulen bango mai zanen lambu, kujerar amare mai ruwan zinare da ƙafarta ɗaya ke ɗingishi, fitilu masu laima sun sunkuyar da kai. A bango, sama da kowane hoto, ga hoton Manaja an wanke shi babba an sa a gilashi, tana dariya da fararen idanu. Ita kuwa Manajar ta wuce ɗakin baya inda babu taga, ta haye doguwar kujera ta kwanta.

Injiniya ta ja kujerarsa ta aiki ta zauna.

"Kunna."

Ya kunna. Fayil biyu ne a jere. Ɗaya ya rubuta masa "Na Injiniya", ɗayan "Asali".

"Har suna na samu," ta ce. "Buɗe su gefe da gefe."

Ya buɗe. Manaja da rigar makaranta ta fito sau biyu. A dama yarinya ce mai wasa da dariya. A hagu yarinyar ce dai, dariyar ce dai, amma fatar idon ta kumbura ta yi tsini, farin idon ya rine, ta ɗan karkatar da kai tana gudun haske. Injiniya ta karɓe linzamin kwamfutar daga hannunsa ta riƙa komawa baya da kanta. Wata bayan wata, ciwon yana raguwa a gabanta a juye, har ta kai farkonsa, wani ɗan ƙurji da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Abban Manaja."

"Na'am."

Ta koma wani na tsakiya. "Wannan na kan keken. Ranar da na hau tudu na kira ka na ce na yi mafarki ba ta da lafiya."

"E."

"Ka ce min mafarkin gajiya ne. Ka turo min wannan ka ce in gani da idona."

"E."

"Da idona." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ka san a bangon ɗakina na manna su? Duk wanda ya shigo sai na nuna masa. Ku ga 'yata, ubanta ya iya riƙo, ko mura ba ta yi tun da na taho. Har mata suna cewa in ba su aron ka."

"Maman Manaja..."

"Kar ka Maman Manaja ni. Magana ɗaya za ka yi. Ɗaya. Da na ce a kai ta asibitin ido tun tana ƙurji."

"Da kin dawo."

"Da na dawo mana!"

"To shi ya sa."

Ta juyo da kujerar gaba ɗaya. Shi kuwa ya durƙusa a gefen tebur.

"Shekara nawa kina zana wa wasu gada suna sa hannu?" ya ce. "Ranar da aka kira ki aka ce wannan taki ce, a nan tsakiyar shagon kika yi rawa da takalmi ɗaya. Da za ki hau mota kuma kika riƙe min riga kika ce in yarinyar nan ta yi ko zazzaɓi ne za ki ajiye aikin. Na san ki. Ba ki faɗa don daɗin baki ba. Sai ga ƙurji. Na ce a kan hazbiya? Hazbiyar da kowa ke yi?"

"Gada siminti ce da ƙarfe. In na bari wani zai ƙarasa."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ba mu wuni a asibiti ba yau."

Ya sunkuyar da kai. Gaskiya ta faɗa, kuma babu inda zai rage mata kaifi.

"Na farkon da gangan na yi," ya ce can. "Sauran hannuna ne. Duk wanda ya shigo shagon nan abin da yake cewa ke nan, Mai Hoto a cire min wannan ƙurjin, Mai Hoto a goge min tabon nan. Ango, ɗalibi, mai neman aiki. Kafin in yi tunani hannuna ya gama. Daga baya ma..." Ya dubi kwamfutar. "Daga baya ni ma su nake kallo. In na ga idonta da safe hankalina ya tashi, sai in zo in buɗe wanda na gyara in zauna ina kallo, har in ji a raina ai da sauƙi."

Injiniya ta dube shi. Ta so ta ci gaba da faɗa, kalmomin ma na nan a bakinta, amma mutumin da ke durƙushe gabanta shi ne wanda ya koyi kitso a waya don kar 'yarsa ta je makaranta da kai a tsefe. Kitson kuwa na Allah-ya-isa ne, ta gani jiya, layi ɗaya ya nufi gabas ɗaya ya nufi kunne. Tana jin haushinsa har wuya, kuma tana sonsa, duka biyun a lokaci guda, abin ya ishe ta.

Ta koma kan kwamfutar don kar ya ga idonta. Ta danna na gaba. Wannan su biyu ne, uba da 'ya, a gaban labulen lambu.

Ta dubi na dama. Ta dubi na hagu. Ta sake duban na dama.

"Tsaya. Har da kai?"

"Me?"

"Ina sauran tumbin?"

"Haske ne."

"Haske ne ya cinye maka rabin ciki? Ni ko da na gan ka a tasha na ce oh, bawan Allah, murnar dawowata ce ta kumbura shi a dare ɗaya!"

"Kaɗan na rage."

"Kaɗan! Har wuya ka ƙara wa kanka!"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye suka biyo bayanta, ta rasa wanne za ta tare. Ta kai masa duka a kafaɗa, ba mai zafi ba, ta sake kai wani, sannan ta bar hannun a wurin. Ya ɗora nasa a kai.

"Ban yafe ba tukuna," ta ce.

"Na sani."

"Zan yafe, amma ba yau ba. Sai na ji abin da likita za ta ce gobe."

"Na yarda."

"Tura min na asalin duka a wayata. Ka nemo kwalbar kemis ɗin ka sa a jakata. Sannan ka je ka ɗora ruwa."

Daga ɗakin baya aka ɗaga murya. "Kun gama faɗan?"

"Wa ya ce miki faɗa muke?" in ji uwar tana share fuska.

"Ai na ji Abba ya yi shiru. In ya yi shiru faɗa ake masa."

*

Butar lantarkin da yake dafa shayi da ita ya jona. Ya sirka ruwan a ƙaramin kwano, ya ɗauko sabon farin hankici daga leda, ya tsoma, ya matse, ya gwada a bayan hannunsa. Injiniya ta karɓa ta sake gwadawa a nata. Yau ko ruwan ɗumi ba za ta yarda da shaidarsa ba, shi ma bai yi gardama ba.

Ɗakin bayan ba shi da haske sai wanda ke shigowa ta ƙofa, rana ta yi sanyi a waje. Injiniya ta zauna ta ɗora kan Manaja a cinyarta. Mai Hoto ya jawo akwatin kyamara ya zauna a kai, kwanon na hannunsa.

"Zai yi zafi?"

"Ɗumi ne kawai, kamar in na hura miki hannu."

"To ɗaya-ɗaya za a yi. Ba na son duhu."

"Likita ta ce..."

"Ɗaya-ɗaya, Mama."

"Manaja ta yanke hukunci," in ji uban. "Mu ma'aikata ne."

Suka fara da na hagu, mai ciwon. Da hankicin ya sauka ta ɗan zabura, sannan ta saki jiki ta sauke ajiyar zuciya.

"Da daɗi," ta ce.

Da idon dama a buɗe ta riƙa bin su da kallo, bakin nan kuwa ya dawo aiki. Ta ba uwarta labarin kyanwar maƙwabta da ta haihu a cikin kwalin takardar hoto. Ta ba ta labarin wani ango da ya zauna kan kujerar zinare ƙafar ta turguɗe ya tafi da labulen lambu gaba ɗaya. Ta kai ƙarar ubanta cewa sau biyu yana ƙona abinci ya ce haka ake yinsa a ƙasar waje.

"Ke, ba a tona asirin ma'aikaci gaban baƙi."

"Mama ba baƙuwa ba ce. Abba, gyara zama, ka karkace. Ɗaga haɓa."

Ya ɗaga haɓa. Injiniya ta ƙunshe dariya.

"Mama, kin yi baƙi."

"Rana ce, uwata."

"Amma kin yi kyau. Ba sai an gyara ki ba."

Hankicin ya huce, ya sake tsomawa ya miƙa. Injiniya ta murza fatar idon a hankali da ɗan yatsa yadda aka nuna mata, ta goge bakin gashin. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Mai Hoto ya ji wani abu da ya daɗe a ƙirjinsa ya fara sauka. Ga matarsa, ga 'yarsa, ga magani na gaskiya a kan tebur. Ya ce a ransa mafi wuyar ranar ya wuce.

"To, saura ɗayan," in ji Injiniya.

Ta ɗaga hankicin. Idon hagun ya buɗe kaɗan, jajir, yana ƙyalli da ruwa. Ta karɓi sabon ɗumi daga hannun mijinta ta nufi na dama da shi.

Caraf Manaja ta riƙe mata wuyan hannu da hannu biyu.

"A'a."

"Mene ne? Ai kin ce da daɗi."

"Wannan ba ya ciwo sosai. A bar shi."

"Likita ta ce duka biyun, uwata. Ki bar na hagun a buɗe, ba za ki ga duhu ba. Ga ni nan, ga Abba."

"A'a, Mama."

Surutun ya ɗauke. 'Yan yatsunta sun nutse a hannun uwar. Mai Hoto ya ajiye kwanon a ƙasa ya matso.

"Manaja, faɗa min. Me ya faru?"

Ba ta dube shi ba. Uwarta take kallo da idon daman, ta ƙura mata shi ko ƙiftawa ba ta yi.

"Mama, kar ki rufe wannan," ta ce a hankali. "Da shi kaɗai nake ganinki."